Sai Hannu Ya Haura Kafaɗa

Goro guda ne ya tona asirin Gwamna, ranar kasuwar Madarumfa, gaban mutane sun fi goma.

Yana zaune a rumfar masu kifi yana ɗinkin birginsa, ragar nan da masunta ke watsawa bisa ruwa, sai ga Zakari ya tsaya daga nesa cikin sabuwar shadda, turare na ta tashi. Zakari ɗan ƙanen uban Gwamna ne. Kakansu ɗaya, garkarsu na jikin juna a bakin tabki, amma rabon da su sa hannu cikin kwano ɗaya har an manta. Shekara shida ya yi yana ci-rani a Najeriya. Bana ya dawo da jan injin ban-ruwa, da tiyo mai tsawon gaske, da baki.

"Yaya, ga goro!"

Bai miƙo ba. Cillo shi ya yi sama, daidai bisa kan Gwamna ta hannun dama, inda kowane mai lafiya zai ɗaga hannu ya cafe ba tare da ya yi tunani ba. Hannun Gwamna ya tashi, ya zo ƙirji, ya tsaya cak kamar an ɗaure shi da igiya. Goron ya wuce ta gefen hularsa ya faɗa cikin kwandon karfasa.

Zakari ya yi murmushi har haƙorin makkarsa ya fito.

"Ashe gaskiya ne."

"Mi ne gaskiya?"

"An ce mini da hagu kake sa hula yanzu. Na ce a'a, ƙarya ake yi ma yayana."

"Wanda ya gaya maka, ka ce mashi ya zo in sa mashi tashi hular da dama."

Masu kifi suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga abin da ya gani. Zakari ya kakkaɓe hannun rigarsa, ya ce, "Ruwa ya fara janyewa. Sai mun haɗu gindin tsamiya." Ya juya ya tafi, bai ko waiwayi goron ba.

Abin da ke tsakaninsu tsohon abu ne. Kakansu ya bar fili guda a bakin tabki, wanda ruwa ke haɗiyewa da damina, in kaka ta wuce ya mayar da shi, ƙasa baƙa wuluk mai laushi. Ba a iya kafa iyaka a wurin, duk turken da aka buga ruwa na tafiya da shi. Sai tsohon ya kafa wa 'ya'yansa maza biyu ƙa'ida. Duk shekara in ƙasa ta fito, mai babban gida zai tsaya jikin tsamiyar da ke gabas da filin, ya fuskanci yamma, ya jefa ƙarfen gatarin tsohon, wanda aka cire wa ƙota. Daga tsamiya zuwa inda ƙarfe ya faɗi, na babban gida ne. Daga nan zuwa gaba, na ƙaramin gida. Ɗa ba ya jifa ubansa na da rai. Kuma ba mai ɗaga ƙarfen daga inda ya faɗi sai wanda ya jefa shi, muddin kuwa yana kwance a wurin, iyaka tana nan. An taɓa ganin haka. Wata shekara uban Gwamna ya yi fushi ya tafi ya bar shi cikin laka, damina biyu ta bi ta kansa, ba wanda ya taɓa shi, iyaka kuma ba ta motsa ba.

To, a tsakiyar filin akwai rijiya, taku ashirin da biyar daga tsamiya. Gwamna ne ya haƙa ta, ya sa mata zoben siminti, ya yi mata murfi da fallen kwano. In zafi ya kama, tabki ya gudu can nesa, ita kaɗai ke riƙe da albasa da tumatir har su nuna. Shekara talatin ƙarfen Gwamna na wuce ta, wani lokaci da taku goma, bara ma da takwas. Shekara talatin mutanen ƙaramin gida ba su zura guga sai mutanen Gwamna sun gama. Shi bai taɓa ganin laifin wannan ba. Rijiyarsa ce.

Da daminar nan ne birginsa ya maƙale a wani kututture ƙarƙashin ruwa. Maimakon ya nutsa ya kwance, sai ya fizga da zuciya. Ya ji wani abu ya tsage a kafaɗarsa kamar tsohon zane. Tun ran nan hannun dama bai ƙara haura ƙirji ba. Ya ɓoye wa kowa ban da matarsa Rakiya, ita ma don ita ke sa masa riga.

Da ya koma gida daga kasuwa, ya tarar labari ya riga shi. Rakiya na tsaye bakin murhu da muciya a hannu.

"Maigida, matar Zakari ta aiko a gaishe ka da jiki."

"Ki aika a gaishe ta da nata."

"Ba wasa nike ba. Cewa ta yi wai in mun rasa ruwa bana, mu yi haƙuri, inji ba shi barin saura. Kafin azahar shina shanye rijiya tas."

Gwamna ya zauna bisa turmi. Ya san wannan. Ya ga irin injin a garkunan wajen Gabi, yana zuƙe rijiya har laka ta fito. In rijiyar ta faɗa hannun Zakari, to garkarsa ta zama filin akuya, ga shi kuma kamun kifi ma hannun ya hana. Ɗansu Habibu yana can Legas, ko da yana nan ma ba shi da damar taɓa ƙarfen.

"Ka tafi wajen Gwaggo," in ji Rakiya. "Ta ƙasa ai hannun na aiki. Jiya na ga ka wurgi karen nan da dutse har bayan danga."

Gwaggo Inde ita ce autar kakansu, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji ƙa'idar daga bakin mai ita. Ta kusa casa'in, yanar ido ta rufe mata gani, amma harshenta ko tsatsa bai yi ba. A ɗakinta ƙarfen ke kwana, naɗe cikin fata, kuma ita ke cewa jifa ya yi ko bai yi ba. Gwamna ya same ta tana shan hantsi, taba cike da leɓe, ga ƙullin sukari da ganyen shayi a gefenta.

"Wa ya riga ni, Gwaggo?"

"Ƙanenka. Ya kawo sukari. Kai mi ka kawo?"

"Kifi."

"Ajiye. Duk ku biyun ba ku san ƙofata ba sai ruwa ya janye. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar tsufa, ya yi maganar zumunci, sannan ya zo kan magana: ko bana kaɗai a bar shi ya saki ƙarfen ta ƙasa. Ai duk jifa ne, tunda ƙarfe zai tashi ya faɗi.

Tsohuwa ta tofar da taba.

"Duk jifa ne? Kai Gwamna, da furfurarka? Wanda hannu ke lilo ta gefen cinya ya saki, wurgi ne. Shi nike yi ma kaji da tsaba. Jifa sai hannu ya haura kafaɗa, ya bi ta gefen kunne, sannan ya sauko. Babana jifa ya ce. Ka san don mi?"

Ta ɗaga hannu ta sauke kamar mai sara, ta ci gaba.

"Don hakanan ake sara da galma. Hannun da bai tashi ya jefa ƙarfe ba, ba shi tashi ya sari ƙasa. Ba shi son ƙasa ta kwanta hannun wanda bai iya nome ta. In ƙarfinka ya ragu, gonarka ta ragu, na bayanka ya samu. Ubanka ma haka ta same shi, bai zo nan da kifi ba."

"Gwaggo, ni na haƙa rijiyar nan."

"Ni kuma na ga uwar Zakari tana tsugunne da tulu har rana ta take, tana jiran ka gama. Sau nawa ka ce mata ta fara?"

Wannan ta shige shi. Ya tashi ba sallama. Yana bakin ƙofa ta ɗaga murya: "Kuma kada ka zo mini da hagu. Hannun galma, shi ne hannun ƙarfe."

Kashegari ya hau kabu-kabu ya tafi gidan likita. Majo, babban malamin asibitin, ya lallatsa kafaɗar, ya ɗaga hannun a hankali har Gwamna ya ciji leɓe, sannan ya sake shi.

"Baba, jijiya ce ta tsage. Saura kamar zare guda ke riƙe da ita. In ka lallaɓa ta, za ka ci tuwo da hannun, ka riƙe buta. In ka tilasta mata, ta tafi ke nan."

"Sau ɗaya fa? Tana yi?"

Majo ya dube shi ta saman tabarau. "Sau ɗaya tana iya yi. Babu na biyu."

Gwamna ya taho gida yana juya maganar. Sau ɗaya. A ce ma ya tattara duk abin da ya rage masa ya wuce rijiya da taku guda. Bana ke nan. Baɗi ruwa zai janye kamar kullum, Zakari zai tsaya da haƙorinsa na makka, shi kuma ba hannu. Ƙarfe zai faɗi bisa yatsun ƙafarsa, ya tashi da tsamiya da inuwarta.  Amma da ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida, sai Rakiya ta ga yana ɗan murmushi, irin wanda yake yi in ya hango inda kifi ya taru.

Daga ran nan, kullum da azahar in kowa ya shige inuwa, sai ya ɗauki tsohon kwando ya kai bayan rumbu, ya auna taku ashirin da biyar, ya ajiye. Ya tara duwatsu masu nauyin ƙarfen. Yana wurgawa ta ƙasa, yana wurgawa da hagu, yana kallon yadda dutse ke tashi da yadda yake saukowa.

"Wurgi kake koyo?" in ji Rakiya. "An ce maka ba a karɓa."

"Ba hannu nike koya ma ba. Ido."

"Ido ne zai jefa?"

"Kawo mini wancan dutsen, ki bar ni."

Shekara arba'in yana watsa birgi, ya san inda abu zai sauka tun bai bar hannunsa ba. Wannan kam kututture bai tsage ta ba.

Zakari kuwa bai zauna ba. Tun saura kwana uku ya ɗora injinsa a amalanke ya kai garka, ya girke shi yamma da rijiya, ya shimfiɗa tiyo har bakinta kamar maciji na shan iska. Ya je gidan mai gari ya roƙi a turo wakili da kaye, wato littafin rubutu, a rubuta cewa bana ƙa'idar kaka za a bi, duk da kanta da ƙafarta, ba ragi. Gwamna ya same shi a wurin yana goge injin da tsumma.

"Kai ne fa ka ce abin arna ne," in ji Gwamna. "Shekarun baya ka tsaya ƙofar masallaci ka ce jifan ƙarfe aikin jahiliyya ne, a kawo mita a auna."

"Na ce."

"To yau ka koma arne?"

"Yau na koma jikan kakana. Kai da ka ci moriyarta shekara talatin, yau ta yi maka ɗaci?"

"Ban ce ta yi ɗaci ba."

"Uwata ta mutu da tabon gammo a ka, Yaya. Tana jiran ka gama ban-ruwa. Kai ko jira ba za ka yi ba, don ba abin da zai rage."

"Man injin fa, ka sayi isansi da yawa?"

"Bido biyu, manyan jarkoki."

"Ka adana. Kada ya zube."

Ranar jifa ta zo, Asabar da hantsi. Ƙasa ta tsane, tana ɗaukar sawu amma ba ta riƙe ƙafa. Mutane suka taru fiye da kullum: masunta, masu garkunan maƙwabta, mata da goyo. Labarin goro ya zaga gari, kowa na so ya ga yadda babban gida zai faɗi. Aka kawo Gwaggo Inde a amalanke, aka zaunar da ita bisa tabarma gindin tsamiya. Hamisu, wakilin mai gari, ya buɗe kayensa ya karanta abin da Zakari ya sa aka rubuta, ya tambayi su biyun ko sun yarda. Zakari ya ce ya yarda tun Hamisu bai rufe baki ba. Gwamna ya gyaɗa kai.

Tsohuwa ta kwance fata ta miƙa ƙarfen. Baƙi ne, ya sha hannu har yana sheƙi, bakinsa ya dakushe sai kusurwa guda da ta rage da kaifi. Gwamna ya shafa kusurwar da babban yatsa, ya juya ta ta fuskanci jikinsa. Ya cire hula ya ba Rakiya. Ya dafa dugadugi jikin saiwar tsamiya, ya dubi yamma, ya runtse ido.

"Murfin can shina ɗaukar mini ido," ya ce. "Rana na dukan kwanon."

Aka yi 'yar dariya. Wani daga baya ya ce an fara neman dalili. Zakari ya tafi da kansa, yana taku yana kaɗa riga, ya ɗaga fallen kwanon ya jefar gefe.

"Ga shi nan na kauda maka, Yaya. Sai mi kuma? In kauda rijiyar in matso maka da ita?"

"A'a. Bar ta nan inda take."

 Gwamna ya ja numfashi. Ya san hannun ba zai tashi da kansa ba, don haka bai roƙe shi ba. Ya murɗa ƙugu baya kamar zai watsa birgi, ya bar hannun ya yi lilo sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, nauyin ƙarfen ya ja hannun sama. A ƙirji ya ji inda yake tsayawa kullum. Ya tura. Wani abu ya ce ɗas a kafaɗar, har na kusa suka ji. Hannun ya wuce, ya bi ta jikin kansa, ya ji zafi ya tsaga masa kunne, ya saki.

Duk abin bai fi ƙiftawar ido ba. Gwamna ya durƙushe bisa gwiwa. Ƙarfen ya yi sama, sama fiye da yadda aka saba gani, yana juyawa a hankali. Mutane suka bi shi da ido. Ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya sunkuyo. Ya daki leɓen siminti ta ciki, ƙwal, sai aka ji tsulum daga can ƙasa.

 Wata mata ta ce, "La ilaha."

Zakari ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya taho da gudu, shadda na kama masa ƙafa.

"Wurgi ne! Wallahi wurgi ne! Kowa ya ga ya yi lilo da hannu! Gwaggo, ta ƙasa ya saka!"

Nan wuri ya kaure. Masunta suka ce hannu ya haura, mutanen ƙaramin gida suka ce bai haura ba, ta gefe ya bi. Wani ya ce shi ƙarfe yake kallo, ba hannu ba. Matar Zakari da Rakiya suka tsaya hanci da hanci. Hamisu ya riƙe biro bai san abin da zai rubuta ba. Kowa ya san tsohuwar ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta, kuma Zakari da wannan ya dogara.

"Ku yi mini shiru, 'yan banza," in ji Gwaggo Inde. "Ku kawo mini shi nan."

Aka kamo Gwamna aka durƙusar da shi gabanta. Hannun dama na reto kamar ba nasa ba, gumi ya jiƙa masa riga. Ta lalubi fuskarsa, ta bi ta kunci, ta kai kunnen dama. Ta tsaya. Ta ɗago yatsunta ta kai kusa da ido, ta shinshina, sannan ta ɗaga su sama kowa ya gani. Jini ne. Saman kunnen ya tsage, yana ɗiga bisa wuyan riga.

"Zakari. Zo ka taɓa."

"Na gani."

"Ka gani. To gaya mini, ƙarfen da ya bi ta gefen cinya, ya aka yi ya yanki kunne? Ko kunnen yayanka a gwiwa yake?"

Masunta suka fashe da dariya. 

"Jifa ne," in ji tsohuwa. "Rubuta, wakilin mai gari. Ina ya faɗi?"

"Cikin rijiya, Gwaggo."

"To iyaka na cikin rijiya. A ja igiya ta bi ta tsakiyar bakinta. Gabas na Gwamna, yamma na Zakari."

Aka ja igiya. Taku takwas ɗin da Gwamna ke ci bayan rijiya suka koma hannun Zakari, ƙasa mafi kyau a filin. Zakari ya dubi igiyar, ya dubi injinsa, ya ɗan sami ƙarfin gwiwa.

"Shi ke nan. Ni ta gefena zan zura tiyo."

"Tiyon naka ya san rabi?" in ji Gwaggo. "In ya kafa baki, naka kaɗai yake sha, ya bar na wani? Guga za ku sa. Gabas ɗaya, yamma ɗaya. Ba mai jiran wani ya gama, ba mai shanye na wani."

"Inji fa? Don shi na yi shekara shida a ƙasar mutane!"

"Ka kai shi tabki ya sha ya ƙoshi."

Tabki kuwa nan da wata biyu zai yi nisan da tiyo uku irin nasa ba su kai ba.  Zakari ya dubi hannun Gwamna da ke reto, sai idonsa ya yi haske.

"To na ji. Bana ta wuce. A samo igiya a shiga a ɗauko ƙarfen, a mayar ma Gwaggo. Baɗi ma rana ce."

"Wa ya jefa?" in ji tsohuwa.

"Gwamna."

"To shi ke ɗaukowa."

Duk ido ya koma kan Gwamna. Yana zaune jingine da tsamiya, Rakiya na danne masa kunne da gefen zane. Leɓensa ya yi fari don zafi. Ya ɗago kai a hankali, ya dubi ƙanensa.

"Da wane hannu?"

Sai a lokacin Zakari ya gane. Ya dubi rijiyar, gaba shida zurfinta. Ya dubi fallen kwanon da ya kauda da hannunsa, yana can kife cikin ciyawa.

"Da gangan ka yi! Tsohon banza, da gangan ka yi! Ni zan shiga in ɗauko!"

"Ka shiga," in ji Gwaggo Inde. "Ranar da ka taɓa shi, ka fita daga ƙa'ida, kuma wanda ya fita daga ƙa'ida ya fita daga filin. Haka babana ya ce."

"Sai mu tafi meri, wajen hukuma! A kawo mita!"

Hamisu ya juya kayensa ya nuna masa shafin. "Malam Zakari, kai ka sa na rubuta. Duk da kanta da ƙafarta, ba ragi. Ga dangwalen yatsanka."

Zakari ya tsaya yana huci. Ya matso har inuwarsa ta rufe Gwamna, ya sunkuyo, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu da Rakiya kaɗai suka ji.

"Ba za ka dawwama ba. Ranar da aka kai ka, ɗanka zai shiga ya ɗauko, a koma jifa."

"Habibu?" in ji Gwamna. "Buhun siminti yake ɗauka a Legas, biyu-biyu. Ka yi ta roƙon Allah in daɗe."

Hannun bai ƙara tashi ba. Majo ya ɗaure shi da ƙyalle a wuya, ya ce ai ya faɗa. Birgin na nan rataye a rumfa, ɓeraye sun fara cin gefensa. Da hagu Gwamna ke cin tuwo yanzu, yana zubar da miya a riga, Rakiya na yi masa faɗa, tana cewa ya sayar da hannu ya sayi rabin rami. Injin Zakari ya koma zaure, an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana bisa kansa.

Amma albasa ta yi kore a gabas. Kullum da safe Rakiya na tsaye gefe guda na rijiya, Zakari na ɗaya gefen, igiya a tsakaninsu, gwiwar hannu na gugar gwiwar hannu, ba mai ce wa wani sannu. Gwamna na zaune bisa saiwar tsamiya da tsagaggen kunnensa yana ƙirga musu da ƙarfi, don maƙwabta su ji.

"Gabas, goma sha ɗaya. Yamma, goma sha ɗaya. Kai Zakari, gugan nan naka ya fi namu girma."

"Ƙarya ne. Kasuwa ɗaya aka saye su."

"Gobe a kawo tiya a auna."

Zakari ya ja gugansa ya juye a bido. In ruwa ya lafa, rana ta miƙe, akan hango ƙarfen can ƙasa, baƙi, rabi cikin laka. Kullum sai ya leƙa ya gan shi. Ya share gumi, ya dubi tsohon ta gefen ido.

"Ya jikin, Yaya?"

"Da sauƙi ƙwarai. Gabas, goma sha biyu."